Akwatin Gwaji da Rijiyar Kawu

Aikina gwajin ruwa ne. Na yi shekaru a wani ɗan ɗakin gwaje-gwaje a Birnin Kebbi, inda ake kawo mana ruwan rijiyoyi daga garuruwan fadama, tun daga Zauro da Ambursa har Argungu, mu duba ko ya dace da sha. Abubuwan da muke nema suna da yawa, amma wanda ya shafi wannan labari guda ne, wani sinadari da ake kira naitiret. Daga takin zamani yake fitowa, da kashin dabbobi. Ruwan sama da na ban-ruwa su kwashe shi su nutse da shi ƙasa, har ya tarar da rijiyar da ba ta da zurfi. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba a jin sa a baki. Babban mutum zai sha bai ga wani canji ba. Jariri ɗan watanni kaɗan shi ne abin ke kamawa: jininsa ya kasa ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, leɓɓansa da farcensa su yi duhu, numfashi ya yi masa wuya. Tafasa ruwan ba ya korar sa. Ƙarfi ma yake ƙara masa, domin ruwan ne ke tashi a tururi, shi kuwa yana nan cikin tukunya.

Da tsinken gwaji muke neman sa. Wata 'yar siririyar roba ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba, a bakinta akwai ɗan farin kushin mai kama da auduga. Za ka tsoma cikin ruwa ka cire, ka jira minti ɗaya. In akwai sinadarin, kushin zai juya ruwan hoda, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon duhun launin. A jikin gwangwanin tsinkayen an buga jerin launuka, daga fari zuwa mai duhu, kowanne da lambarsa. Sai ka kara tsinken da jerin, ka ga wanda ya fi kama da shi, ka rubuta. Akwai wani launi a tsakiya wanda shi ne iyaka. Ruwan da ya haura shi ba a ba jariri.

A faɗe abin da sauƙi. Amma ruwa bai cika faɗawa daidai kan launi guda ba, tsakanin biyu yake tsayawa. Launin da ka gani da hantsi a bakin taga ba shi za ka gani a inuwar dogonyaro da la'asar ba, kuma ba shi ne na ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Mu biyu za mu duba tsinke guda mu faɗi lamba biyu, kowa da gaskiyarsa. Sannan ga mai rijiya tsaye a kanka. Mutanenmu ba sa cewa ka yi ƙarya, ba su ma taɓa tunanin haka suke nema ba. Abin da dattijo zai ce shi ne, a sake dubawa. Zai faɗa a hankali, da murmushi, wani lokaci har da addu'a. Kai kuma an yi maka tarbiyyar cewa in babba ya ce ka sake dubawa, to akwai abin da ka yi gaggawa a kai. Sai ka juya tsinken wajen haske, ka karkata kai, ka ga lalle kamar ya fi kusa da na ƙasa. Ban taɓa rubuta abin da ban gani ba, kuma ban san wanda ya taɓa yin haka a ɗakinmu ba. Ganin ne kansa yake da kunya.

Wannan ya sa na ce sai mun cire ido daga cikin aikin.

Abokin aikina, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ke kula da na'urorinmu da kwamfuta. Kirista ne, iyayensa daga Filato suka zo, amma a Birnin Kebbi aka haife shi, kuma in yana Hausa ta waya ba mai cewa ba Bakabe ba ne. Da na kawo masa maganar, ya ce abu uku kawai muke buƙata: haske wanda ba ya canzawa, lokaci wanda ba ya gaba ba ya baya, da kuma abin da zai auna launi ba tare da ya san mai rijiya ba. Kafinta ya haɗa mana akwatin katako kamar girman kwalin takalmi. Muka sa ƙananan ƙwayayen lantarki a ciki, da 'yar kyamara a sama tana kallon ƙasa, da wani ɗan aljihu irin na tebur da ake ja a ɗora tsinke a mayar. Da an tura aljihun sai agogon ciki ya fara ƙirga. Minti ɗaya na cika, kyamara ta ɗauki hoto, manhajar da Injiniya ya rubuta ta auna launin ta fitar da lamba a ɗan allon da ke gaba.

Ba a karon farko ya yi ba. Mun shafa wa cikin akwatin baƙin fenti mai sheƙi, sai ya riƙa mayar da haske kan tsinken, lambobi suka riƙa tsalle. Na je wurin telar da ke ɗinka min hijabi na karɓo ragowar baƙin yadi marar ƙyalli, muka manne shi a ciki. Daga nan muka gane kyamarar tana da nata karambanin: tana gyara launi da kanta don hoto ya yi kyau. Injiniya ya kashe mata wannan, muka kuma manna ɗan farin tangaran kusa da mazaunin tsinke, don kowane hoto ya zama yana da farin da za a gwada da shi. In batir ya yi sanyi haske yana dusashewa, saboda haka muka sa akwatin ya ƙi aiki gaba ɗaya in ƙarfin batir ya sauka. Muka haɗa ruwa da kanmu, kwalba-kwalba, kowacce mun san yawan sinadarin da muka zuba mata, muka yi ta gwadawa muna gyara lissafin. Muka maimaita da zafin bazara, domin zafi yana taɓa yadda launin ke fitowa. Sai da lambar akwatin ta riƙa zuwa kusa da ta babbar na'urar da ake aika wa samfuri a wani gari, sannan na yarda a fita da shi.

Abu na ƙarshe shi ne aikawa. Duk gwajin da aka yi, akwatin zai tura lambar da hoton da sunan wurin zuwa kwamfutar ofis. Injiniya ya tambaye ni ko ya sa maɓallin gogewa, saboda kuskure, kamar a ce hannun mutum ya taɓa kushin.

Na ce a'a. In an yi kuskure a sake gwaji, na biyu ya zauna kusa da na farko, a rubuta dalili.

Ya dube ni ya yi dariya. "Malama, kin san garin da kike kuwa? Akwatin ga ba za a ba shi mata ba."

Na ce ba aure ya zo nema ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, a Argungu yake. Manomin albasa ne da shinkafa, kuma yana kiwon shanun sallah a wani turke bayan gidansa. Shi ya riƙe Innata bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita, kuma lokacin da dangin babana suka ce karatun boko ya ishe ni haka, shi ya hau mota ya zo Birnin Kebbi ya ce ba a isa ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce min tun ina zanin goyo. In na je gidansa, ko yana cikin baƙi zai miƙe ya ce a ba uwarsa wuri.

Da kakata ta rasu, Kawu ya gina rijiya a ƙofar gidansa, sadaka ce mai gudana, ladan ya je mata. An ɗaure ta da siminti, an rufe, an sa famfon hannu. Unguwar a bakin gari take, gonakin albasa sun zo har gindin katanga, kuma kafin rijiyar mata sai sun yi tafiya zuwa famfon burtsatse da ke kan tudu, su bi layi. Da rijiya ta samu, kowa ya huta. Duk wadda ta cika bokiti sai ta yi wa tsohuwa addu'a. Ruwan garau yake, mai sanyi, ba ya da gishiri. Ba wanda ya taɓa kawo shi ɗakinmu, ni ma ban taɓa ɗiba ba. Rijiyar sadaka ba abin da ake kai wa gwaji ba ce. Wanda ya ba ka don Allah ba ka tsaya kana juya abin a hannu kana neman aibu.

Inna ce ta kai masa labarin akwatin, cikin alfahari, har da ƙari. Sai ga wayarsa, wai in zo da shi Argungu mutane su gani da idonsu abin da uwarsa ta ƙera, a gwada ruwan rijiyar kakata a gaban kowa. Na ce masa ya bari in ɗebo ruwan a kwalba in gwada a ofis, in ya so daga baya a yi taron. Ya ce wane irin ɓoye-ɓoye ne wannan, ruwan da liman ke alwala da shi. Na sake faɗa, na ce rijiyar tana kusa da turke da gona, kuma ban san abin da zan gani ba. Ya yi dariya ya ce ai shi ya sani.

Na je ranar Asabar, ni da Injiniya. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a inuwa kusa da rijiyar. Dattawan unguwa suka zauna, liman yana tsakiya, mata kuma suka tsaya daga zaure da bakin katanga. Cikinsu akwai matar ɗan Kawu na ƙarshe, da tsohon ciki, ta dafa ƙofa tana kallo. Kawu ya gabatar da ni da dogon jawabi. Ya ce ga jikar mai rijiya kuma takwararta, ta yi karatu har ta koya wa katako gani. Aka yi dariya, aka sa albarka.

Na buga famfon ya zuba na ɗan lokaci, don ruwan da ya kwana a bututu ya fita. Na ɗauraye kofi, na cika. Na tsoma tsinke, na ɗora a aljihun akwatin, na tura. Kowa ya zuba wa akwatin ido. Injiniya ya sa wa akwatin 'yar fitila da ƙara don mai aiki a rana ya san an gama: in ruwa yana ƙasa da iyaka, kore da gajeriyar ƙara, in ya haura, ja da doguwa.

Doguwar ya yi. Lambar kuwa ba a kusa da iyaka take ba, ta wuce ta da nisa.

Wani dattijo ya ce ma sha Allah, yana zaton alamar nasara ce. Kawu ya dubi fuskata, ya gane ba haka ba ne. Na yi bayani kamar yadda nake yi wa kowa, da murya guda, ban ɗaga ba ban sauke ba. Na ce ruwan ya yi a yi wanka da wanki da alwala da ban-ruwa. Na ce manya masu lafiya ba za su ga illa nan take ba, ko da yake gara su ma su nemi wani na sha. Na ce amma kada a ba jariri, kada a dama masa madara ko koko da shi, kuma tafasawa ba ta gyara shi. Na ce wannan gwajin farko ne, zan aika samfuri babbar na'ura ta tabbatar, amma kafin nan a ɗauka haka ne.

Kawu ya yi murmushi. "Uwata, sake duba min."

Na ce to. Na ɗauki sabon kofi da sabon tsinke, na maimaita komai. Lamba ta biyu ta zo dab da ta farko.

Sai ya ce in ba shi tsinken ya yi da hannunsa, watakila akwatin ya wahala a hanya. Na ba shi. Ya tsoma, ya cire, nan take ya ɗaga shi sama ya juya wa dattawa.

"Ku duba. Fari ne ko ba fari ba?"

Suka ce fari ne. Kuma fari ne, a wannan lokacin. Na ce masa ya riƙe shi haka, kada ya ajiye. Yana riƙe, yana magana, yana cewa shi ya sha ruwan nan, iyalinsa sun sha, ba wanda ko kai ya yi wa ciwo, sai kushin ya fara juyawa tsakanin yatsunsa. Kowa yana kallo. Ya yi ruwan hoda, ya ƙara, ya ƙara. Da Kawu ya lura inda idanun mutane suke, sai ya duba hannunsa.

Wani mai tabarau ya karɓi tsinken ya kara da jerin launukan gwangwani, ya juya shi wajen rana mai shirin faɗuwa, ya ce shi dai a ganinsa bai kai launin iyaka ba. Na kusa da shi ya ce lalle bai kai ba. Tsinken ya zaga hannu-hannu, kowa ya ga bai kai ba. Ban ce ƙarya suka yi ba. Na san wannan ganin, shi ya sa muka yi akwatin.

Kawu ya ja ni gefe, amma ba nesa ba, kowa yana ji. Ya ce in faɗa wa mutane na'urar sabuwa ce, ana kan gwada ta, ba a gama saninta ba. Ya ce daga baya shi da ni za mu zauna mu ga abin yi.

Na ce na'urar an gama gwada ta, shi ya sa na fito da ita.

"To ki shafe abin da ta rubuta."

Na ce ba ta da wurin shafewa, kuma sakamakon ya riga ya isa Birnin Kebbi.

"Wa ya hana a sa mata?"

"Ni ce, Kawu."

Ya dube ni. Sannan ya ce, a hankali, "Rijiyag ga da sunanki anka gina ta. Ki tsaya gaban mutane ki ce sadakar uwata guba ce?"

Na ce ban ce guba ba ce. Na ce abin da na faɗa na faɗa, kuma ladan wanda ya gina rijiya ba a cikin tsinke yake ba. Liman ya yi gyaran murya ya ce magariba ta gabato, aka tashi. Ba wanda ya ce mana mu shiga mu ci abinci. A mota, da muka fita gari, Injiniya ya ce shi da a ce kawunsa ne, da ya ce batir ya mutu. Na ce shi ya sa akwatin yake hannuna.

Sakamakon babbar na'ura ya dawo, ya tabbatar da na akwatin. Na kira Kawu in gaya masa, bai ɗauka ba. Na aika masa ta hannun ɗansa, tare da shawara: a matsar da turken, a daina zuba taki a kadadar da ke jikin katanga, a sake gwadawa bayan damina, ko kuma a haƙa mai zurfi a wani gefen. Amsar da ta dawo ita ce a gaya wa ma'aikaciya an ji. Wannan ne sunan da ya koma kira na da shi.

Shugaban sashenmu ya samu waya daga wani da ya san wani. Ya kira ni ofis, ya yi min nasiha mai kyau a kan zumunci, ya tambaya ko za a iya ɗaukar gwajin Argungu a matsayin nuni kawai, tunda ba aikin ofis ya kai ni ba. Na ce ruwan da aka ɗiba ruwan gaske ne, matan da ke ɗiba kuma ba nuni suke yi ba. Ya ce in yi tunani. Na ce na yi. Bai sake tayar da maganar ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma sake dubawa aka ce ya yi.

Ta Inna ta fi nauyi. Ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da ni ta lissafa min abin da Kawu ya yi mata da wanda ya yi min, ba ta ƙara ko ɗaya ba, duk gaskiya ne. Ta ce ba cewa ta yi in canza sakamako ba, amma akwai yadda ake faɗa wa babba magana. Na ce na nemi in faɗa masa a keɓe, shi ya tara mutane. Ta ce duk da haka. Na tambaye ta, in da na ce na'ura ce ba ta da kyau, su matan da ke bakin katanga me za su tafi da shi gida? Ta ce Allah ke tsare yara. Na ce haka ne, kuma shi ya nuna mana launin. Ta tashi ta shiga ɗaki. Mun ɗauki lokaci gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Kawu bai rufe rijiyar ba, ni ma ban ce a rufe ba. Bai sa wata alama ba, bai kuma ce wa kowa komai ba. Da na ji haka, sai na koma Argungu ranar da ba ni da aiki, ban shiga gidansa ba. Na tsaya a bakin famfo da hantsi lokacin da mata ke ɗiba, na yi ta maimaita magana guda ga duk mai goyo da mai ciki: nono ya ishi jariri, in kuma dole sai an ba shi ruwa, to na tudu, wanda na gwada na ga yana ƙasa da iyaka. Wasu suka saurara. Wata ta ce 'ya'yanta duk da ruwan fadama ta raine su, ga su nan ƙatti. Wata tsohuwa ta ce kakata tana kabari tana jin abin da nake yi. Na ce in tana ji, ta san muryata. Ina cikin haka Kawu ya fito zai tafi gona. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar yadda ake amsa wa mai tallar da ba a so a saya, ya hau babur ɗinsa.

Ban yi nadama ba, kuma ba na so a karanta wannan a zaci ina neman a ce na kyauta. Na rasa gidan da nake shiga ba sai na yi sallama sau biyu ba. Na san abin da na rasa, na kuma san da an mayar da ni ranar, abin da zan faɗa ke nan, da kalmomin nan, da muryar nan.

Da matar ɗan Kawu ta haihu, mace ta samu. Ba a aiko min da goron suna ba. An aika wa Inna, an aika wa ƙannena, har maƙwabciyarmu an tuna da ita. Na san abin da ake yi a gidan: tsofaffi ba sa yarda jariri ya kwana bai ɗanɗana ruwa ba, wai ƙishi zai kama shi, kuma randar gidan daga rijiyar ƙofa ake cika ta. Ranar suna da safe na sayi sabbin jarkoki, na wanke, na cika su da ruwan da na gwada da kaina, na ɗauki shatar mota zuwa Argungu.

An gama raɗin suna, maza suna zaune a ƙofar gida ana rabon goro, sai motar ta tsaya. Direba ya fara sauke jarkoki. Kawu yana bakin zaure da babbar riga. Na je na durƙusa na yi masa barka.

Ya dubi jarkokin. "Mi ne ne wanga?"

"Barka ce na kawo, Kawu."

"Ruwa ya ƙare Argungu?"

"Na manya bai ƙare ba. Wanga na jaririya ne."

Wani daga cikin mazaunan ya fara dariya, ya mayar da ita tari. Kawu bai ce a shiga da su ba, bai kuma ce a mayar ba. Bai matsa daga bakin zauren ba. Direba ya riƙa raɓawa ta gefensa da jarka ɗaya-ɗaya, yana cewa gafara Alhaji, gafara Alhaji, har ya gama.

A ciki mata sun cika tsakar gida, ana ta girki. Inna tana can gindin murhu, ta gan ni, ta mayar da kanta kan tukunya. Wata ta ce a kawo jarkokin nan wajen masu dafa shinkafa, dama ruwa ya yi ƙasa. Kafin in yi magana sai muryar mai jego ta fito daga ɗaki. Yarinya ce mai kunya, ban taɓa jin ta ɗaga murya a gidan surukai ba. Ta ce kada wanda ya taɓa su, a shigo mata da su ciki. Aka shigar, ta sa aka jera su a lungu bayan gadonta, inda sai an tsallake ta za a kai gare su.

Na zauna a bakin gadon, ta miƙo min jaririyar. Na duba leɓɓanta da farcenta, lafiya lau. Na ce mata nono kawai, in za ta iya tsare hakan. Ta ce tana ƙoƙari, amma in ta shiga wanka ba ta san abin da ake yi ba. Na ce to a bar kofi ɗaya kusa da jarka, kowa ya san shi ne na yarinya. Ta tambaya in sun ƙare fa. Na ce direban nan yana zuwa Argungu duk mako, kuma na riga na yi magana da shi.

Ban jira abinci ba. Da na fito na yi wa Kawu sallama, yana magana da wani, bai juyo ba. Na shiga mota muka kama hanyar Birnin Kebbi, domin akwai kwalaben ruwan Ambursa da ke jira in gwada tun jiya.